Daga Famfo Zuwa Kwata: Yadda Muke Fita da Ɗalibai Su Bi Sawun Ruwan Yawunde

Duk wanda ya zauna a Yawunde ya san wannan abin mai ɗaure kai, watau ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga kuma yara da jarkoki suna bin layi wajen neman na sha. Garin nan yana samun ruwan sama wajen milimita 1,600 a shekara, kusan ninki biyu ke nan na abin da Kano ta saba samu. Damina biyu gare mu, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Amma duk da haka, in ka tsayar da ɗalibin sakandare a Cité Verte ko a Briqueterie ka tambaye shi daga ina ruwan famfon gidansu yake zuwa, sai ya ce maka daga Camwater. In ka ƙara tambayarsa ina ruwan wankin gidansu yake tafiya, sai ya nuna maka kwata. Iyakar saninsa ke nan, kuma ba laifinsa ba ne, domin yawancin manya ma a nan nasu sanin ya tsaya.

Wannan ne ya sa mu, wasu daga cikin malaman da ke koyar da labarin ƙasa da kimiyyar rayuwa a wannan yanki na Yawunde ta Biyu, muka ɗauki al'adar fita da ɗalibai su bi ruwan da ƙafarsu. Manhajar sakandare ta yanzu ta haɗa ilmin muhalli da tsafta a cikin darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa, saboda haka ba wani abu muka ƙirƙiro daga waje ba. Abin da muka lura da shi shi ne, yaro yana iya zana zagayen ruwa a allo tsaf, daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa, ya ci maki cikakke, alhali kuwa bai san sunan ƙoramar da ke bayan gidansu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mu fara da ƙoramar bayan gida

Fitarmu ta farko ba ta bukatar mota ko kuɗin kowa. Ranar Laraba da rana, lokacin da aka tashi da wuri, mukan taso daga tudun Cité Verte mu gangara ta Madagascar da Mokolo har zuwa Briqueterie da Warda. Kafin a tashi, kowane rukuni na ɗalibai yana da littafi da fensir da kwalba biyu masu tsabta, sannan akwai igiya mai tsawon mita goma wadda muka ƙuƙƙulla a kowace mita.

Abu na farko da muke so su gane shi ne Yawunde gari ne na tuddai da kwaruruka, yana kan tsayin wajen mita 750 daga teku, kuma kowane kwari akwai ƙorama a cikinsa. Akwai Abiergue, akwai Ekozoa, akwai Mingoa, da Djoungolo da sauransu, kuma galibinsu a kogin Mfoundi suke ƙarewa. Mfoundi ya faɗa Mefou, shi kuma Mefou ya faɗa Nyong. Ɗigon ruwan da ya sauka a kan rufi a Tsinga ko a Mokolo ba shi da wata hanya sai gangare, kuma duk abin da ya tarar a hanya da shi zai tafi. Mutanen garin suna kiran irin waɗannan fadamu na ƙasan tudu da suna elobi, shi ya sa ake da Mokolo Elobi da Tsinga Elobi. Yara da yawa a nan aka haife su, suna faɗin sunan kullum, amma sai a wannan rana suke jin cewa sunan unguwarsu yana nufin wurin kwanciyar ruwa.

Ita kanta Briqueterie haka ne. Sunanta na asali Ekoudou, kuma ta samo sunan da muka sani ne daga wurin toya bulo da aka kafa a nan tun zamanin Jamusawa. Ba a kafa matoyar bulo sai kusa da yumɓu, yumɓu kuwa a fadama yake. Ashe ke nan wani sashe na unguwar da kakanninmu fatake suka zauna, suka gina masallatai da shaguna, wurin ruwa ne tun fil azal. A ƙidayar 1976 mutanen Yawunde ba su fi 314,000 ba. A 1987 sun kai wajen 650,000, a 2005 kuwa sun haura miliyan 1 da dubu 800, kuma tun daga lokacin ƙaruwa suke ta yi. Tuddai suka cika, mai ƙaramin ƙarfi ya gangara elobi ya yi ciko ya kafa ɗaki. Ruwa kuwa bai bar hanyarsa ba.

A bakin ƙorama mukan sa su auna gudun ruwa, kuma a nan ne lissafin aji yake samun amfani. A miƙe igiyar nan a gefe, a jefa ɗan guntun kara a sama, a duba agogo. A ce faɗin ruwan mita 2 ne, zurfinsa kashi ɗaya cikin biyar na mita, karan kuma ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 20. In an buga lissafi, lita 200 ke wucewa a kowace daƙiƙa, watau jarka goma masu cin lita ashirin-ashirin. Sai mu nuna musu alamar da ambaliyar bara ta bari a jikin bangon gidaje, wani lokaci sama da ƙugun babban mutum, mu ce su kimanta da kansu yawan ruwan da ya bi ta nan a wannan dare. Ba mai shiga cikin ruwan, wannan doka ce, kuma wanda zai ɗebo a kwalba sai ya sa safar hannu ta roba.

Wani rukunin kuma aikinsa ƙidayar abin da ya maƙale a ƙarƙashin gada. Kullum kwalaben roba ne a kan gaba, sai leda, sai tsummokaran tela, sai tarkacen kasuwa. Tun watan Afrilu na 2014 dokar hana amfani da leda marar kauri ta fara aiki a Kamaru, amma wanda ya leƙa ƙarƙashin gadojinmu zai san inda dokar ta tsaya. Ba ma ɓoye wa ɗalibai cewa wani ɓangare na wannan shara daga hannunmu ya fito. Akwai masu jiran hadari ya haɗo su juye kwandon shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Tafiya da ita yake yi, amma zuwa ƙofar gidan wanda ke ƙasa da su. Gaskiya ne kuma akwai lungunan da motar HYSACAM ba ta iya shiga saboda ƙunci, kuma macen da za ta ɗauki shara ta haura tudu da ita, ga goyo ga girki a kan wuta, ba wa'azi kawai take bukata ba.

Rijiya da masai

Tsayawar da ta fi tayar da muhawara ita ce ta cikin gida. Da izinin wani maigida, mukan shiga da ƙaramin rukuni a auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Masana kiwon lafiya suna son tazarar ta kai mita 30, ko aƙalla rabin haka, kuma masai ya kasance a ƙasan gangare, rijiya a sama. A cunkoson unguwanninmu sau da yawa igiyarmu ta mita goma ba ta ƙarewa. Ko da maigida ya kiyaye nasa, masan maƙwabcinsa yana bayan katanga. A elobi kuwa ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, har yakan zama ramin masai da rijiya ruwa ɗaya suke taɓawa.

A nan ne wata yarinya ta taɓa cewa, "Malam, ai ruwan rijiyar nan garau yake, ba wari ba ɗanɗano, kuma a Islamiyya an koya mana cewa in launi da ɗanɗano da ƙamshi ba su sāke ba, ruwa mai tsarki ne." Tambaya ce mai kyau, kuma mun ji daɗinta. Amsar da muka ba ta ita ce, wancan hukunci ne na tsarki da alwala, kuma yana nan a matsayinsa. Maganar sha kuwa daban ce, domin ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi ba su da wari, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye ya kwantar da gida guda. Wannan gari ya ga kwalara a 2011, ya sāke ganinta a annobar da ta fara a ƙasar nan a ƙarshen 2021, wadda ta yi tsanani a Yawunde a 2023. Yaran da muke koyarwa yanzu sun isa tunawa da ta baya-bayan nan.

Kwalaben da aka ɗebo mukan jera su a tagar aji su kwana. Kashegari laka ta kwanta a ƙasa, sai mu jefa ɗan alam a ɗaya don su ga yadda yake tattara datti ya nutsar da shi. Daga nan sai mu jaddada musu cewa alam yana wanke ruwa ne a ido kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kashewa sai tafasawa ko kulorin a kan ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka nuna.

Inda ruwan famfo yake fitowa

Fita ta biyu ita ce mai bukatar mota da takardar neman izini, kuma a nan ne ake jin jiki. Wurin da ya fi kusa da mu shi ne madatsar Mefou da matatar ruwa ta Nkolbisson, wadda ta daɗe a rufe kafin a gyara ta ta koma aiki a 2014, da ƙarfin tace mita kubik 50,000 a rana. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, jarka hamsin ke nan. Wadda ta daɗe tana ɗauke da garin kuwa ita ce ta Akomnyada kusa da Mbalmayo, a bakin kogin Nyong, wadda ta fara aiki a 1985 da ƙarfin mita kubik 100,000 a rana.

Ruwan Nyong baƙi-baƙi ne kamar shayin da ba madara, saboda ruɓaɓɓen ganyen kurmi da yake ratsawa. Yaron da ya ga wannan ruwa a mashiga, ya bi shi ta wurin da ake zuba masa magani datti ya dunƙule, ya ga manyan kwatamai inda dattin yake kwantawa, ya ga yadda yake tsiyaya ta cikin yashi, har zuwa inda ake sa masa kulorin, ba zai ƙara ɗaukar ruwan famfo a matsayin abin banza ba. Zai kuma gane dalilin da ya sa in wuta ta ɗauke a can, famfo yake ƙafewa a nan, domin injuna ne suke tura ruwan tafiyar kilomita masu yawa, suna haurawa da shi har tankunan da ke kan tuddai. In an buɗe taswira kuma, sai a ga Nyong ɗin nan da ake ɗebo mana ruwan sha a cikinsa shi ne dai kogin da Mfoundi da Mefou suke kai wa dattin garinmu. Ɗalibai sukan yi shiru in sun kai wannan wuri a taswira.

Tun watan Agusta na 2024 aka ƙaddamar da babban aikin jawo ruwa daga kogin Sanaga, wanda ake ɗebowa a Nachtigal a tace a yankin Batchenga, fiye da kilomita 60 arewa da gari. An yi shi da rancen bankin ƙasar Sin, kuma ƙarfinsa mita kubik 300,000 ne a rana, watau lita miliyan 300, da damar ƙarawa zuwa 400,000. Babban ci gaba ne, ba shakka. Sai dai ruwa ya iso bakin gari daban, ya iso cikin lungu daban, domin tsofaffin bututu suna yoyo, wasu unguwannin kuma ba a taɓa shimfiɗa musu ba. Dattawa har yanzu SNEC suke cewa, ko da yake tun 2008 aka raba aikin tsakanin Camwater da CDE, sannan a 2018 Camwater ta karɓi duka.

Akwai tambayar da muke ajiye wa manyan ɗalibai a wannan gaɓa. Injiniyoyi suna ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yakan fito a matsayin ruwan datti. To, in an ƙara wa gari lita miliyan 300 a rana, ina ƙazamin ruwan da zai biyo baya zai tafi, a garin da galibin gidajensa ba su haɗe da wani bututun kwashe ƙazanta? A ganinmu wannan ce babbar matsalar da yaran nan za su gāda, kuma ba a cika maganarta ba, saboda buɗe sabon famfo ya fi daɗin biki a kan gyaran kwata.

Abin da ke ƙarƙashin hancinmu a Cité Verte

Mu a nan mun yi sa'a, domin misalin amsar yana unguwarmu. Gidajen da kamfanin SIC ya gina a Cité Verte suna cikin 'yan wuraren da aka yi wa bututun ƙazanta da matata tun farko. Irin waɗannan matatu na gidajen SIC sun yi shekaru a lalace, kuma tafkin Lac Municipal, wanda aka samar a farkon shekarun 1950 ta hanyar datse ƙoramar Mingoa, ya sha ƙazantar Messa har ya zama abin misali a littattafan masu bincike. Daga baya hukumar birnin Yawunde ta sāke gina matatun Biyem-Assi da Messa da Cité Verte a kan wata dabara mai sauƙi. Ana bi da ruwan dattin ta cikin kwatamai masu tsakuwa da yashi, waɗanda aka shuka wa wata doguwar ciyawar fadama, 'yar uwar burgu. Saiwar ciyawar da ƙananan halittun da ke zaune a jikinta su ne suke cinye dattin. Masu bincike a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya sun daɗe suna gwaji a kan wannan ciyawa.

Ɗalibai sukan zo suna toshe hanci, su koma suna gardama a kan ko za a iya yin irinta a Briqueterie. Amsar ba mai sauƙi ba ce, domin dabarar tana cin fili, fili kuwa shi ne abin da babu a can. Kuma ko mai sauƙin ma tana son kulawa: a yanke ciyawa, a kwashe laka, a hana mutane jefa tsumma da leda a masai. Ga sauran gidajen gari masu ramin masai, motocin kwashe ƙazanta sun yi shekaru suna juyewa a fili a Nomayos, sai a 2021 aka buɗe matatar da aka gina domin wannan aiki a Etoa.

Maganar ambaliya ma akwai abin gani. A kashi na farko na aikin tsabtace Yawunde da ake kira PADY, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, an gina wa Mfoundi magudanar kankare mai tsawon kilomita uku da rabi, kuma bankin ya ce ambaliyar tsakiyar gari ta ragu daga sau 15 zuwa sau 3 a shekara. Kashi na biyu ya ƙara wajen kilomita 14, har da rassa irin su Abiergue da Ekozoa da Mingoa. Wanda ya san Jakara a Kano zai gane irin aikin. Amma kankare yana saurin kai ruwa gaba ne kawai, kuma in ya cika da yashi da kwalabe sai ruwan ya hau titi, kamar yadda 'yan kasuwar Avenue Kennedy da Poste Centrale suka sha gani. Tuddai ma ba su tsira ba. Ranar 8 ga Oktoba 2023, bayan ruwa mai ƙarfi, bangon wani tsohon tafki ya ɓalle a Mbankolo, cikin wannan yanki namu, laka da duwatsu suka rufta kan gidaje, mutum kusan 30 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ba ma kai yara wurin don kallo, amma mukan tsaya daga nesa mu nuna musu yadda gidaje suke hawa gangaren da aka sare wa itatuwa.

Lissafin da ya fi burge iyaye shi ne na rufi. Rufin kwano mai mita 10 a tsaye da 10 a kwance yana karɓar lita 160,000 na ruwan sama a shekara, jarka 8,000 ke nan. Gida mai mutum goma, in kowa yana amfani da lita 50 a rana, wannan ruwa zai kai su kwana 320. Ba duka ake iya tarawa ba, kuma na farkon zuba sai a bar shi ya wanke rufin, amma ko tanki ɗaya mai murfi ya isa wanki da shara da ban-ɗaki na kwanaki. Duk litar da aka tare a sama kuma an rage wa mutanen elobi ita. Haka nan wanda ya bar wani sashe na tsakar gidansa ba siminti, ya ba ƙasa damar shanye rabonta.

Abin da muke roƙon iyaye

Wasu iyaye sukan ce wannan yawo ne, jarrabawar BEPC na tafe, gara yaro ya zauna ya yi bita. Mun fahimci damuwarsu, sai dai abin da muke gani a takardun ɗalibai shi ne, wanda ya auna ƙorama da hannunsa ya fi iya amsa tambayar gudun ruwa da ta zaizayar ƙasa. Wasu kuma 'yan mata ne ba sa so su bari. Wannan ya fi damunmu, domin a yawancin gidajenmu 'ya mace ce take ɗebo ruwa, ita take wanke-wanke, ita take jinyar ƙaninta in gudawa ta kama shi. Saboda haka ba ma fita sai da malama mace, kuma ƙofa a buɗe take ga uwa ko yaya da ke son rakiya. Wani dattijo da ya taɓa bin mu ya fi mu amfani a wannan rana, domin shi ya riƙa nuna wa yara inda maɓuɓɓuga take a da, da inda suke kama kifi suna yara, wurin da yanzu garejin gyaran mota ne.

Kuɗin mota zuwa Nkolbisson ko Mbalmayo ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai yake bi, kuma takardar neman izinin shiga matata sai an aika da ita da wuri, wata guda ko fiye. Fitar cikin unguwa mukan sa ta kusa da 22 ga Maris, ranar ruwa ta duniya, lokacin da damina ta fara amma ƙoramu ba su cika ba. In hadari ya haɗo ko da a kan Mont Fébé ne, a nan take muke janye yara daga bakin ruwa, domin ƙoramar Yawunde tana iya cika cikin 'yan mintoci alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake tsaye ba. Yaro ya zo da takalmi rufaffe, da ruwan shansa daga gida, da takardar amincewa mai sa hannun mahaifi ko mai riƙonsa. Masu gidajen da za su yarda a auna tazarar rijiyarsu kuma, muna neman ƙarin gida uku ko huɗu a ɓangaren Tsinga Elobi, kuma ba a rubuta sunan kowa a rahoton ɗalibai.